Whakaari: wa ke da ikon cewa yau kada a je?

Da ƙarfe 2:10 na rana, ranar Litinin 9 ga Disamba 2019, kyamarar da masana suka kafa a tsibirin Whakaari ta ɗauki hoton wasu mutane a jere, ƙanana kamar tururuwa, suna tafiya a gefen bakin ramin dutsen tsibirin mai aman wuta. Minti ɗaya bayan haka dutsen ya fashe. Mutum 47 ne a tsibirin a lokacin. Mutum 22 suka rasu, wasu nan take, wasu a hanya, wasu a gadon asibiti, na ƙarshe sai a tsakiyar 2020. Sauran 25 sun rayu, akasarinsu da mummunar ƙuna. Akwai gawa biyu da har yau ba a gano ba.

Tsibirin yana cikin teku, kimanin kilomita 48 daga garin Whakatāne a ƙasar Niyu Zilan. Turawa na kiransa White Island, sunan da Kyaftin James Cook ya laƙaba masa a 1769, amma mutanen Māori sun riga shi da sunan Whakaari. Abin da ido ke gani ƙoƙon kan dutsen ne kawai, mafi yawan jikinsa na ƙarƙashin ruwa. Wannan ne ma ya sa ya zama abin kasuwa. A wasu wurare sai mutum ya kwana yana hawa kafin ya leƙa bakin dutse mai aman wuta, a nan kuwa jirgin ruwa ne zai sauke ka a cikin ramin kansa, domin gefe ɗaya na bangon ya rushe ya buɗe wa teku. Daga inda aka sauka zuwa inda tururi ke tashi tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci, a fili, babu tudu. Tsoho da yaro duk suna iyawa. Kafin fashewar 2019, mutum sama da 10,000 ke zuwa duk shekara.

Ba a taɓa cewa wurin ba ya kisa ba. A watan Satumba 1914 wani ɓangare na bangon ramin ya zabtare, laka da duwatsu suka binne ma'aikata 10 masu haƙar farar wuta. Kangon masana'antar da aka sake ginawa daga baya na nan, yana ma cikin abubuwan da aka riƙa nuna wa baƙi su ɗauki hoto.

Irin fashewar da ba ta sallama

Wanda ya ji an ce aman wuta, abin da ke zuwa masa a rai shi ne narkakken dutse ja zur yana gangarowa a hankali, wanda mai ƙafa zai iya tsere wa. Abin da ya faru a Whakaari ba shi ba ne. A ƙarƙashin ramin akwai ruwa da zafin ƙasa ya tafasa fiye da kima, amma laka da ma'adinai sun toshe masa hanyar fita. Kamar tukunya ce a kan wuta da aka danne murfinta da dutse. Ranar da murfin ya tsage, ruwan kan rikiɗe ya zama tururi cikin ƙiftawar ido, ya yi watsi da duk abin da ke samansa. Toka ta tashi sama fiye da kilomita 3, amma ba ita ta fi yin ɓarna ba. Abin da ya kashe mutane shi ne guguwar tururi da toka da iskar asid mai tsananin zafi da ta share ƙasan ramin a guje, ta bi ta ainihin hanyar da baƙi ke bi, ta fita ta ɓangaren teku inda jirage ke tsayawa. Duka abin bai wuce 'yan mintoci ba. Wani jirgi mai saukar ungulu da ke ajiye, sai da ta ture shi daga mazauninsa.

Abin da aka raba wa baƙin na kariya shi ne hular kwano da takunkumin numfashi. Hular don tsakuwa, takunkumin don warin farar wuta mai shaƙe maƙogwaro. Da yawansu kuma gajeren wando da riga mai gajeren hannu ne a jikinsu, domin watan Disamba lokacin zafi ne a can. Akwai wata kwantena ta ƙarfe da aka kai tsibirin a 2016 don ta zama mafaka, amma tana can wajen kangon masana'anta, nesa da bakin ramin. Wanda ke tsaye a gaban tururi lokacin da abin ya tashi, maganar kai wa gare ta ma ba ta taso ba.

Irin wannan fashewa ita ce ta fi wahalar hasashe. A dutsen Ontake na Japan, ranar 27 ga Satumba 2014, irinta ta rutsa da masu hawa da tsakar rana, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace, alhali matakin gargaɗin dutsen yana kan mafi ƙanƙanta. Duk wanda ke sana'ar kai mutane bakin dutse ya san da labarin Ontake, ko ya kamata a ce ya sani.

Mataki na 2

A wancan lokacin a Niyu Zilan, cibiyar kimiyya ta gwamnati mai suna GNS Science ce ke sa ido kan duwatsun ƙasar ta hanyar shirinta na GeoNet. Ma'auninta daga 0 ne zuwa 5. Mataki na 1 ƙaramin motsi, na 2 motsi mai ƙarfi, daga na 3 zuwa sama kuma aman ya riga ya fara. Ke nan 2 shi ne ƙarshen abin da za a iya faɗa kafin dutse ya fashe.

Ranar 18 ga Nuwamba 2019, makonni uku kafin abin, GeoNet ta ɗaga Whakaari daga 1 zuwa 2. Iskar farar wuta da ke fita ta ƙaru, girgizar ƙasan dutsen ta ƙaru. A farkon Disamba ta sake fitar da sanarwa cewa dutsen na iya kasancewa ya shiga lokacin da yiwuwar fashewarsa ta fi ta kullum. Ba a ɓoye aka yi ba, a intanet aka saka, kamfanonin yawon buɗe ido kuma sun gani.

Jirage suka ci gaba da zuwa. Babu dokar da suka karya ta fuskar matakin, don babu inda aka rubuta cewa in an kai 2 a tsaya. A nan ne, a ganina, gaɓar lamarin take. Ma'aunin yana bayyana halin da dutse ke ciki ne a yanzu. Ba hasashe ba ne, ba kuma umarni ba ne. Masanan na ganin aikinsu shi ne su faɗi abin da na'urori suka nuna, yanke shawarar zuwa ko rashin zuwa na masu kai mutane ne. Masu kai mutanen kuma na ganin tunda masana ba su ce a daina ba, to ba a kai ga nan ba. Sun sha zuwa a mataki na 2 a baya suka dawo lafiya. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ba wawaye ba ne su. Mutane ne da suka shekara ashirin ko talatin suna aiki ɗaya ba tare da an rasa rai ba, har suka fara ɗaukar sa'a a matsayin shaidar cewa tsarinsu na aiki.

Dutsen ma ya taɓa yi musu gwaji kyauta. Daren 27 ga Afrilu 2016 ya yi fashewa mai kama da ta 2019, guguwar toka ta rufe kusan duk hanyar da ake bi da baƙi. Ba a rasa ko rai ɗaya ba saboda dalili guda: dare ne, babu kowa. Da ta faru da rana, da kotun da aka zauna a 2023 tun a lokacin aka zauna ta. Bayan an share toka aka koma aiki.

Hannaye da yawa, babu mai riƙe da akala

In aka bi sawun yadda baƙo ke isa bakin ramin, za a ga hannaye nawa ya ratsa. Mutum 38 daga cikin 47 fasinjojin katafaren jirgin ruwan shaƙatawa ne mai suna Ovation of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya yada zango a Tauranga. A cikin jirgin suka sayi tikitin ziyarar, kamar yadda za su sayi na zuwa kallon gonar inabi. Daga kamfanin jirgin, cinikin ya bi ta hannun wasu dillalai biyu kafin ya iso ga White Island Tours, kamfanin da ke da jiragen da ke kai mutane tsibirin, mallakar ƙabilar Ngāti Awa ta mutanen Māori. Shi kuma wannan kamfani, da kamfanonin jirage masu saukar ungulu, suna biyan kuɗin izinin sauka ga Whakaari Management Limited, kamfanin 'yan'uwa uku na gidan Buttle. Tsibirin ba na gwamnati ba ne, tun 1936 yake hannun wannan gida.

A duk hannun da bayani ya ratsa sai ya rage nauyi. Masani ya ce yiwuwar fashewa ta ƙaru. Mai kamfani ya ji cewa mataki na 2 ne, an saba. Dillali ya sayar da tikiti. Fasinja ya karanta tallar da ke cewa zai taka dutse mai rai. Da dama daga waɗanda suka tsira sun shaida wa kotu cewa babu wanda ya faɗa musu a fili cewa ana iya mutuwa, kuma da sun sani da ba su je ba. Akwai waɗanda suka je da 'ya'yansu. Baƙin sun fito daga ƙasashe bakwai, 24 daga Ostareliya, 9 daga Amurka, sauran daga Niyu Zilan da Jamus da Birtaniya da Sin da Malesiya. Mutumin da ya sauko daga jirgin shaƙatawa ba shi da hanyar sanin ma'anar lamba 2 a ma'aunin wata ƙasa. Wanda bai sani ba ma zai ɗauka 2 cikin 5 ai ƙasa da rabi ne.

Ana yawan kafa hujja da cewa babban mutum na da 'yancin jefa kansa cikin haɗari in ya ga dama, kamar masu hawan Everest. Ban ƙi wannan ba. Amma mai hawan Everest ya san gawarwaki nawa ke kan hanyarsa. Yardar da aka bayar ba tare da sanin abin da ake yarda da shi ba, sunanta kawai yarda. Sannan akwai 'yan rakiya, waɗanda biyu daga cikinsu suka rasu. Baƙo sau ɗaya yake zuwa a rayuwarsa, ya yi awa ɗaya ko biyu ya tafi. Ɗan rakiya kusan kullum yana can, haɗarinsa na taruwa ne kamar bashi.

Ta ɓangaren gwamnati ma akalar a sake take. Da yake tsibirin na cikin teku, ba ya ƙarƙashin kowace ƙaramar hukuma, ministan ƙananan hukumomi ne a birnin Wellington ke matsayin hukumarsa a takarda. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki, WorkSafe, ita ke rajistar kamfanonin wasannin kasada, kuma White Island Tours na da rajista, masu binciken ƙa'ida sun duba shi sun ba shi takarda. Sai dai binciken ya fi karkata ga yadda ake tafiya da baƙi lafiya, kada wani ya zame ko ya ɓace, bai tsaya kan babbar tambayar ba: in dutsen ya tashi fa? Wani bita mai zaman kansa da gwamnati ta sa aka yi, wanda ya fito a 2021, ya ce WorkSafe ta gaza a yadda ta kula da harkar tsibirin tsakanin 2014 da 2019.

Ceto

Babu wani shirin kwashe mutane da ya dace da girman abin. Wani jirgin White Island Tours mai suna Phoenix ya riga ya baro tsibirin da nasa baƙin 'yan mintoci kafin fashewar. Ya juya ya koma. Ma'aikatansa da fasinjojinsa ne suka ɗebo waɗanda suka iya jan jiki zuwa gaɓa, suka riƙa zuba musu ruwa a kan ƙuna har tsawon tafiyar sama da awa ɗaya zuwa Whakatāne. Matuƙan jirage masu saukar ungulu na 'yan kasuwa, irin su Mark Law da Tim Barrow, suka tashi da kansu ba tare da jiran umarnin kowa ba, suka sauka cikin toka suka kwaso mutum 12. Daga cikin gawarwaki takwas da suka rage, sai ranar 13 ga Disamba sojoji suka shiga suka ɗauko shida, cikin kayan kariya masu nauyi, a lokacin da masana ke cewa dutsen na iya sake tashi.

Asibitin Whakatāne ƙarami ne, ba a gina shi don irin wannan rana ba. Aka rarraba majinyata zuwa sassan kula da ƙuna na ƙasar guda huɗu, aka mayar da wasu Ostareliya. Ƙunar ta zo da asid a cikinta, wadda ba irin ta gobarar gida ba ce, ana ta shiga da mutane tiyata sau da yawa. Sai da ƙasar ta yi odar fatar ɗan Adam ta dashe, murabba'in santimita miliyan 1.2, daga Amurka. Wannan ma yana cikin lissafin da ya kamata a yi tun farko: in ka tara mutum arba'in a wuri mai nisan kilomita 48 daga tudu, gadon asibiti nawa ke jiransu?

A gaban alƙali

A ƙarshen Nuwamba 2020 WorkSafe ta gurfanar da ɓangarori 13, hukumomi da kamfanoni 10 da mutum uku, a ƙarƙashin dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 2015. Tuhumar ta shafi abin da aka yi ko aka kasa yi kafin fashewar, ba aikin ceto ba. Mutane da yawa a ƙasar sun ji zafin ganin kamfanonin matuƙan da suka yi kasadar ceto a cikin jerin, har aka tara sa hannun dubban mutane ana neman a janye. Wasu kuma suka ce mai ƙarar ita kanta ta cancanci zama a akwatin waɗanda ake tuhuma. Ana iya fahimtar duka biyun. Jarumtar rana ɗaya ba ta goge tambayar shekarun da aka yi ana sauke fasinja a ramin, kuma hukumar da ta ba da rajista ba ta da bakin nuna mamaki.

Jerin ya yi ta raguwa. A 2022 kotu ta sallami hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa. Kamfanoni da dama suka amsa laifi, har da White Island Tours. GNS ta amsa laifi ɗaya, na rashin isar da bayanin haɗari yadda ya kamata ga matuƙan da ke kai ma'aikatanta tsibirin. Da aka fara shari'a a Auckland a watan Yuli 2023 gaban alƙali Evangelos Thomas, an sallami 'yan'uwan Buttle uku a matsayinsu na ɗaiɗaiku, aka sallami dillalan biyu. Kamfanin masu tsibirin kaɗai ya rage, kuma ranar 31 ga Oktoba 2023 alƙalin ya same shi da laifi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kamfanin bai taɓa sa an yi masa cikakken auna haɗari ba, bai nemi shawarar ƙwararru yadda ya kamata ba, ko bayan fashewar 2016.

A watan Maris 2024 aka yanke diyya ta sama da dalar Niyu Zilan miliyan 10, da tara ta kusan miliyan 2. White Island Tours zai biya diyyar miliyan 5, kamfanin masu tsibirin miliyan 4.88 da tarar sama da miliyan 1. Diyyar na da muhimmanci na musamman a can, saboda tsarin inshorar haɗari na ƙasar, ACC, yana ɗaukar nauyin jinyar duk wanda ya ji rauni, ɗan ƙasa ko baƙo, amma a madadin haka ya toshe hanyar kai ƙarar neman diyyar rauni. Sai kuma aka ji cewa kamfanin masu tsibirin ba shi da kadara ko kuɗi a hannu. Tsibirin kansa ba da sunan kamfanin yake ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A watan Fabrairu 2025 babbar kotu, ta bakin mai shari'a Simon Moore, ta soke hukuncin da aka yanke wa kamfanin masu tsibirin. Ta ce kamfanin izinin shiga fili kawai ya bayar, ba shi ke tafiyar da yawon ba, don haka ba shi ne mai iko da wurin aikin ba a ma'anar doka. Ta fuskar doka hujjar na da ƙafa, don in aka ce duk mai gona ko daji da ya bar wasu suka shiga shi ke da alhakin abin da ya same su, kowa zai rufe ƙofarsa. Amma sakamakon shi ne wanda ya fi kowa sauƙin cewa a'a, wanda kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsayar da dukan jirage, shi ne doka ta ce ba wajibinsa ba ne.

Abin da ya sauya

An gyara dokokin wasannin kasada, daga Afrilu 2024 dole kamfani ya auna haɗarin da ke fitowa daga yanayin wurin kansa, ya kuma faɗa wa abokin ciniki kafin ya biya. An ƙara wa WorkSafe ikon dakatar da harka. Wasu masu bincike a Jami'ar Auckland sun koma kan bayanan girgizar dutsen na shekaru, suka nuna a 2020 cewa akwai wata alama da ke bayyana kafin yawancin fashe-fashensa, wadda da ta ba da gargaɗin kusan sa'o'i 16 a 2019. Amma su da kansu sun ce na'urar gargaɗin da ta dogara da wannan alama za ta riƙa kururuwa a ranakun da babu abin da zai faru. Ke nan za a rufe tsibiri a yi asarar ciniki sau da yawa a banza kafin a dace da ranar gaskiya. Tambayar ta dawo inda take: wa zai ɗauki asarar, wa kuma aka ba ikon rufewa tun kafin ranar ta zo?

Inda aka ja layi ma, sai an sami mai tsare shi. Dutsen Marapi a tsibirin Sumatra na Indonesiya ya shekara fiye da goma a mataki na 2, da umarnin kada a kusanci bakinsa da kilomita 3. Ranar 3 ga Disamba 2023 ya fashe da masu hawa 75 a kansa, sama da 20 suka mutu.

Shi kuwa Whakaari, tun daga ranar ba a sake sauke baƙo a kansa ba. Na'urorin GeoNet da ke tsibirin sun lalace ɗaya bayan ɗaya, ba a koma an gyara ba, yanzu daga sama da kuma daga gaɓar teku ake sa masa ido. Ya sake yin ƙananan fashe-fashe a 2024. Daga Whakatāne, in gari ya yi haske, ana hango farin tururinsa a kan ruwa.